Kawu Jibrin da 'Yan Danna-Ɗaya

Duk cikinku wanda ya san Kawu Jibrin ya san ba ya kiran kamfanin talabijin da singileti a jikinsa. Sai ya yi wanka, ya ɗauko farar babbar rigar nan tasa da aikin wuyanta ya fara tsinkewa, ya kafa hula, ya shafa turare, ya sa a fito masa da kujerar katako tsakar gida. In ya zauna ya baza hannun riga, sannan ya ce, "Haladu, buga musu." Ni ne Haladun, ɗan ƙanwarsa. Laifina biyu ne a duniya: gidana yana bayan nasa a nan Gaya, kuma ina da babur. Su suka ja mini wannan aiki shekara huɗu cur.

Ranar farko na ce, "Kawu, ba fa ganin ka suke yi ba."

Ya ce, "Ni ai ina ganin kaina. Shekara talatin na yi ina aikin gwamnati, ban taɓa kai kuka gaban manya da kayan barci ba."

Da an ɗaga, muryar yarinyar nan ta na'ura za ta fara: "Barka da zuwa. Domin Hausa, danna ɗaya." Shi kuwa sai ya gyara murya: "Salamu alaikum. Ina wuni? Ya aiki? Ya mutanen gida?" Ita tana can tana jero danna biyu, danna uku, shi yana nan yana yi mata ban gajiya. Kafin ya kai ga "ya muka ji da zafi" ta katse layin. Sai ya ƙare wa wayar kallo, ya juyo gare ni.

"'Yar gidan waye wannan? Ba a amsa sallama a gidansu?"

Na yi bayani har bakina ya bushe cewa ba mutum ba ce, murya ce aka naɗa. Ya ce ya sani sarai, ba yau aka haife shi ba, amma ai da bakin mutum aka naɗa, kuma mai bakin tana da iyaye. Daga ranar ya raɗa wa kamfanin suna 'yan danna-ɗaya.

Kada waɗanda suka san shi daga nesa su ɗauka mayen kallo ne. Ina! Kawu mutumin rediyo ne, rediyon ma wata tsohuwa da ya ɗaure bayanta da robar tayar keke, batirinta kuwa sai ya shanya shi a rana sau uku kafin ya yarda ya mutu. Mutumin da ke tsaga goro ɗaya ya kai shi Juma'a biyu ba zai sayi talabijin don nishaɗi ba. Duk rigimar nan saboda Goggo Dudu ce.

Goggo Dudu matarsa ce, Bafulatana daga wata ruga ta wajen Balan. Can ya gan ta lokacin yana malamin dabbobi, yana bin rugage da allurar shanu. Ya auro ta, ta zo gari da saniyarta guda, aka ɗaure a tsakar gida shekara da shekaru. Ranar da ya yi ritaya ya tsaya a ƙofar gida gaban 'yan majalisa ya rantse da Allah cewa saniya ba za ta sake kwana a gidansa ba. Ya ce ya gama da kashin shanu, ya gama da ƙudansu, ya gama da harbinsu. Ya mayar da saniyar ruga wajen 'yan'uwan Goggo, ya sa aka shafe tsakar gida da siminti, kullum da safe yana bin sa da tsintsiya da kansa.  Duk bayan sati biyu dai sai Goggo ta ɗau mayafi ta je ta gaida shanunta ta dawo.

To sai hawan jini ya kayar da ita. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, Hausar da ta yi shekara arba'in tana yi ta gudu, ya rage 'yan kalmomin Fulatanci da ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Abin da ya fi tayar mana da hankali abinci ne. A kawo kunu ta juya fuska bango, a kawo fura ta rufe ido. Ɗansu Aminu, da ke aiki a Fatakwal, ya zo ya rasa yadda zai yi, sai ya yi irin ta mutanen zamani: ya sa sola, ya sayo talabijin, ya kira masu dish suka kafa faranti a kan rufi. Kawu yana ta mita wai an kawo masa ɓarna har gida. Ana cikin juya tashoshi aka faɗa kan wata ta manoman Turawa, wadda ba ta nuna komai sai shanu: ana tatsa, ana kiwo, ana gwanjonsu. Goggo ta ɗaga hannunta mai lafiya ta nuna gilashin ta ce, "Nagge." Wato saniya. Ranar ta shanye kofin kunu har da neman ƙari.

Shi ke nan abin da aka yi shekara huɗu ana yaƙi a kai. Ba ƙwallo ba, ba fim ba. In akwai shanu a gilashi Goggo za ta ci abinci, in babu za ta juya fuska bango. Kawun da ya rantse ya gama da shanu sai ga shi zaune gefen gadonta da cokali a hannu, yana kushe na Turawa. "Dubi wannan don Allah, ba tozo, ba ƙaho, sai hantsa kamar jarka. Waccan kuma tsutsar ciki ce da ita, daga tafiyarta na gane." Goggo ta harare shi, ta buɗe baki ya zuba mata.

Matsala ta farko damina ce. Da hadari ya haɗo daga gabas sai hoto ya daskare, saniya ta tsaya da ƙafa ɗaya a sama, can sai komai ya ɗauke. Kawu ya sa babbar riga. Na danna masa ɗayan da kaina kafin ya fara gaisuwa, aka sa mana kiɗan jira, wani ɗan kiɗa kamar na mai tallar askirim. Duk bayan minti biyu yarinyar ta dawo ta ce, "Kiranka yana da muhimmanci a wurinmu." Kowane karo sai ya ce, "Madalla, na gode," don shi ba a yi masa magana ya yi shiru. Sai da godiyar ta kai ashirin sannan wani saurayi ya ɗauka.

"Baba, ai hadari ne. Ka jira ya wuce."

"To. Shi kuɗin watan da na biya, in hadari ya taso shi ma yana tsayawa ya jira?"

"A'a Baba, wannan yana tafiya."

"Mai ciwon fa? Cikinta ya jira hadari?"

"Akwai wani abu kuma da zan iya taimaka maka da shi, Baba?"

"Wani abu kuma? Na farkon ka taimaka ne?"

Da ya ga ba su da magani sai ya ce zai yi nasa. A ganinsa farantin nan ruwa ne ba ya so, kamar akuya. Ya ɗauko tsohuwar malafarsa ta zuwa ruga, ya sa ni, da furfurata da 'ya'yana shida, na hau tsani na kifa ta a kan ɗan kan nan da ke tsaye gaban faranti, na ɗaure da igiya. Hoto ya ɗauke gaba ɗaya, ga rana ƙwal, ko gajimare babu. Ya leƙa ɗaki, ya fito ya ɗaga kai. "Sauko da ita, Haladu. Akwai halittar da ba ta son a kyautata mata."

Unguwa ce kaɗai ta amfana. Matan maƙwabta suka gane shanun Goggo suna tsayawa kafin ɗigon farko ya sauka. In an baza gyaɗa sai ka ji murya ta kan katanga, "Malam Jibrin, shanun suna tafiya?" In ya ce sun tsaya, kowa sai ya ruga kwasa.

A shekara ta biyu suka ɗauke tashar daga ƙaramin tsari suka kai ta babba mai tsada, ba sanarwa ba sallama. Na ɗauka ranar shi ma za a kai shi asibiti. Ya zagaya tsakar gida ya fi sau bakwai, ya kira su azzalumai, ya kira su 'yan fashin rana tsaka, sannan ya shiga ɗaki ya kwance wani ƙullin tsumma da ban taɓa sanin da shi ba, ya miƙo mini kuɗin da ke ciki bai ko kalle ni ba. Shanu suka dawo. Bayan sati uku dikoda, akwatin da ke kamo tashoshin, ta rubuta wai ba mu biya ba. Kwana uku muna kira. Wannan ya ce mu kashe mu kunna, wancan ya ce mu zare kati mu goge mu mayar, wata ta ce mu karanto lambar da ke ƙarƙashin dikoda, muna cikin karantowa layi ya yanke. Goggo tana kwance fuska a bango, kunu yana yin fata a kofi.

Rana ta huɗu ya miƙe tsaye, waya a kunne, kiɗan askirim yana tashi, ya ce, "Ku shaida, na sake ku. Saki uku, ba biko." Ya juyo gare ni. "Tayar da babur. Yau kasuwar Ajingi."

A Ajingi akwai wani Ɗanliti mai shagon dish a bakin kasuwa, wakilin wani ƙaramin kamfani. Ya fara jero mana tashoshi, ƙwallon Turai, finafinan Indiya, wa'azi. Kawu ya ɗaga hannu. "Akwai shanu?" Ɗanliti ya kalle ni, na ce ya nemo kawai. Ya yi ta dannawa har suka bayyana. Kawu ya matsa kusa ya duba, ya ce su ne, ga mai tsutsar cikin nan har yanzu ba a ba ta magani ba. Aka yi ciniki na awa guda, muka dawo da sabon faranti ɗaure a bayana, Kawu a bayan faranti, iska tana neman ta kai mu gonar mutane. Tsohon farantin kuwa da na ce a sayar wa 'yan gwangwan, kallon da ya yi mini sai ka ce gidan na ce a sayar. Ya jingine shi a bango ya ce zai yi rana.

Wata biyu aka yi lafiya. Kawu ya hana mutane sakat a majalisa da labarin yadda ya koya wa kamfani hankali. Sai wata safiya sabuwar dikodar ita ma ta yi shiru. Ya yi wanka, ya sa riga, har yana murmushi, wai waɗannan mutanen kirki ne, yau zai gaisa da su. Na buga sabuwar lamba na miƙa masa.

"Barka da zuwa. Domin Hausa, danna ɗaya."

Wallahi ita ce. Muryar, numfashin, har kiɗan askirim ɗin. Kawu ya janye wayar daga kunne a hankali kamar ta yi zafi, ya dube ta, ya mayar. "Ke! Biyo ni kika yi?"

Muka koma Ajingi. Ɗanliti yana sosa ƙeya ya ce ai babban kamfanin ne ya saye ƙaramin tun watan jiya, shi ma a waya ya gani. Amma akwai na uku, wannan kam daban ne, ba ruwansa da kowa. Muka koma na uku. Bai yi shekara ba yarinyar ta iske mu a can. Wannan karon Kawu bai ko yi faɗa ba. Ya ce, "Haladu, a da in mahauci ya tauye maka nama sai ka matsa rumfar gaba, gobe shi zai kira ka da kansa. Yanzu duk rumfunan na mutum ɗaya ne, fentin ƙofa kawai ya bambanta." Faranti biyu suka taru a bango. Ƙaramin ya koma na shanyar tattasai, babban yana nan jingine.

Sai aka zo kan ta ƙarshe. Wata Talata muka danna lambar tashar, maimakon shanu sai ga wata mata mai fararen haƙora tana tallar tukwane. Muka bi tashoshin ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, babu ko ɗan maraƙi. Aka kira. Suka ce sun karɓi ƙorafi, za a kira shi cikin awa ashirin da huɗu. Kawu ya ɗauki maganar da gaske. Ya wuni a kan kujera cikin babbar riga da waya a cinya, in zai yi alwala sai ya ba ni in riƙe. Washegari ya sake sawa. Rana ta uku rigar ta fara tsami, ba wanda ya kira.

Mun gwada dabaru. Aminu ya turo bidiyon shanu a waya, Goggo ko kallon ɗan gilashin ba ta yi ba. Na je aka zuba mini wasu muka sa a talabijin. Ranar farko ta kalla, ta sha rabin kofi. Rana ta biyu da baƙar saniyar nan ta sake shigowa ta gefen da ta shigo jiya, ta juya fuska bango. Macen da ta tashi a ruga ba a yi mata maimai da saniya.

Kawu ya kai ƙara wajen mai unguwa, yadda aka saba. Mai unguwa ya saurare shi tsaf, ya ce, "To Malam Jibrin, shi wanda kake ƙarar, ina gidansa yake in aika a kira shi?"  Abin ya tsaya wa Kawu a rai: shekara huɗu yana rigima da mutum bai san ƙofar gidansa ba. Ya ce kuskuren nasa ne tun farko, ba a neman alfarma ta waya. Babba in kana son abu a wurinsa takawa ake yi a same shi, kuma ba a zuwa hannu rabbana. Ya sa aka nemo ƙwan zabi aka jera a kwano cikin ƙaiƙayi, muka shiga motar Kano.

Ofishin duk gilashi ne, ga sanyin na'ura, ga kujeru a jere. Da layi ya zo kanmu muka sami wata yarinya mai hijabi ruwan toka. Kawu ya yi sallama, ta amsa cikakkiya, har da "Baba an zo lafiya, ya hanya?" Ya juyo ya kalle ni kamar wanda ya yi tsintuwa.

"'Yata, maigidan nake son gani."

"Manaja ya fita, Baba."

"Ba manaja ba. Mai abin. Wanda in ya ce a mayar da shanu za a mayar."

"Wallahi Baba ni ban taɓa ganin sa ba. An ce ma ba mutum ɗaya ba ne, kuma ba a ƙasar nan suke ba."

"To wa ya kori shanun?"

"Daga sama aka cire. Mu ma da safe muka gani."

"To ni yanzu ina zan kai kukana?"

Ta yagi takarda ta rubuta wani abu ta turo ta ƙarƙashin gilashi. Na duba. Lambar ce, ta 'yan danna-ɗaya. Mun baro Gaya tun da safe, mun tsallake gadar Wudil da ƙwai a cinya, don a ba mu lambar da na haddace fiye da ta matata. Dariya ta kusa ƙwace mini, da na ga fuskar Kawu sai na haɗiye ta.

Ya yi mata bayanin Goggo a taƙaice, ba roƙo a ciki. Yarinyar ta daina taɓa kwamfuta. Ta waiga ta ga ba kowa kusa, ta rage murya. "Baba, in gaya maka gaskiya, kada ka ƙara wahalar da kanka. Tashar ba za ta dawo ba. Da aka haɗe kamfanonin an duba an ga masu kallonta ba su da yawa."

"Ba su da yawa," in ji Kawu. "Ni dai na san mutum ɗaya."

Ya buɗe kwanon, ya kwashe rabin ƙwan ya zuba mata a leda saboda ta amsa sallama. Sauran ya rufe abinsa. Ya ce na mai kamfani ne, ranar da ya bayyana ya zo Gaya ya karɓa.

Muka hau mota muka dawo Gaya. Kwana tara ke nan Goggo ba ta shan abin da ya wuce cokali uku ko huɗu. A ƙofar gida ya ce, "Gobe da sassafe ka zo. Balan za mu."

Na zo na tarar ba babbar riga. Tsohon kakinsa na aiki ya sa, wanda asu ya fara ci, da takalmin roba har gwiwa, da malafar nan da faranti ya ƙi. A rugar, Buba ɗan wan Goggo ya tare mu da fura. Kawu bai ko zauna ba. "Jikokin saniyar goggonku nake son gani." Aka koro su. Ya buɗe bakin wannan ya duba haƙori, ya ɗaga kofaton waccan, ya ƙi huɗu a jere, yana yi wa Buba faɗan kaska. Ta biyar fara ce mai baƙin kunne, da ɗan maraƙinta. Ya daɗe yana shafa tozonta. "Wannan," ya ce. "Kakarta ce ta taɓa karya mini haƙarƙari."

Buba ya koro ta a ƙasa, mu muna biye a babur a hankali, muka shigo Gaya bayan la'asar. Unguwa ta fito. Wani daga majalisa ya ɗaga murya, "Malam Jibrin, rantsuwar fa?" Kawu ya ce, "Da Allah na yi ta, ba da kai ba." Saniyar ta wuce zaure, ta taka simintin nan da ake sharewa kullum, ta tsaya a tsakiyarsa, ta ɗaga wutsiya ta yi abin da shanu ke yi.  Kawu ya dubi abin, ya dubi sama, ya je ya ɗauko tsintsiya.

Muka jawo gadon Goggo bakin ƙofa, muka ɗage labule. Da farko ba ta juyo ba. Sai maraƙin ya yi kuka, na ga kafaɗarta ta motsa. Ta juyo a hankali, ta daɗe tana kallo, sannan ta yi wani ɗan sauti da harshe da ban taɓa ji a gidan ba. Saniyar ta tako har bakin ƙofa ta sa hanci a tafin hannunta. Kawu ya ce da matata, da wata murya da ba tasa ba, "Ke, ɗumamo kunun nan mana, kin tsaya kallo!"

Ana ɗumama kunu ya sa ni na mirgino babban farantin daga bango. Muka ɗora shi a kan duwatsu uku, ya zuba dusa da 'yar kanwa, saniya ta sa kai. Ya ja da baya ya riƙe ƙugu. "Ban ce maka zai yi rana ba? Yau dai farantin nan ya kawo saniya, ba a danna ɗaya ba."

Saura rantsuwa. Ya je wajen liman ya ce zai yi azumi uku ya warware ta. Liman ya ce azumi na wanda ba shi da hali ne, shi kuwa kowa ya san rumbunsa, sai dai ya ciyar da mabuƙata goma. Kawu ya ce ai ritaya ya yi. Liman ya ce geron bai yi ritaya ba. Ya nemi a rage zuwa bakwai, aka ce nan ba kasuwar Ajingi ba ce. Ya ciyar da su, tuwo da miyar kuka har da nama, ya tsaya a kansu har suka gama, yana cewa su ci a hankali ba gasa ake ba.

Wata takwas ya yi yana kwashe kashin saniya kowace safiya, yana mita wai shi aka cuta. Goggo ta yi kumatu. Talabijin aka rufe shi da zane, babbar rigar ba ta fitowa sai Juma'a. Sannan zazzaɓin kwana biyu ya zo ya tafi da shi, kamar yadda kuka sani. Tun da aka fita da shi Goggo ta juya fuska bango. Ba kunu, ruwa ma sai an ɗiga mata. Mu duka mun san inda abin ya dosa.

Ranar sadakar uku ina zaune a zaure da masu gaisuwa, wayarsa ta yi ƙara a aljihuna. Baƙuwar lamba ce. Ban san lokacin da na miƙe tsaye na gyara hula ba.

"Muna magana da Malam Jibrin? Game da ƙorafin da ka shigar ne, muna so mu ji ko an warware matsalarka."

Awa ashirin da huɗun ce ta cika, bayan kusan wata tara. Na ce, "Salamu alaikum. Ina wuni? Ya aiki?" Ta ɗan rikice ta amsa. Na ce, "Ki ɗan jira a kan layi in dubo. Kiranki yana da muhimmanci a wurinmu." Na ɗora wayar a kan kujerarsa ta katako na shiga cikin gida.

Saniyar tana tsaye gaban faranti tana kuka, cikin hidimar baƙi tun safe ba wanda ya tuna da ita. Na leƙa ɗaki, na tarar Goggo ta juyo. Ta dubi ƙusar da rigar ke rataye, ta dube ni, sannan ta ɗaga hannunta mai lafiya ta nuna farantin, ta nuna buhun dusa, da irin hararar da take yi masa. "Nagge," ta ce. Na zuba. Sai da ta ga saniyar ta sa kai ta ci sosai, sannan ta buɗe baki, matata ta kai cokali. A nan na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Da na fito yarinyar ta gaji ta katse.

Allah ka jiƙan Kawu Jibrin, ka yafe masa mitarsa da taurin kansa. Ya yi sallama a wurare da yawa ba a amsa masa ba. Ya Allah ka sa mala'ikun rahama su amsa masa cikakkiya, a buɗe masa ba jira. Ka ba Goggo lafiya da haƙuri, mu kuma ka ba mu ikon riƙe tsintsiyar da ya bari. Amin.